Guguwar Teku da Shirin Mutanen Bangala

A makon da aka ba mu koyar da labarin ƙasa a makarantar gwaji, darasin da ya faɗo a kanmu shi ne na iska. Muka yi bayanin iskar hunturu da ta bazara, yara na biye, har muka kai ga guguwar teku. Da muka ce akwai wadda ta kashe mutum 300,000 a dare guda, sai wani yaro can bayan aji ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, su mutanen ba su ga tahowarta ba ne su kauce?" Aji ya fashe da dariya, mu ma muka yi murmushi muka wuce. Amma da muka koma ɗaki muka zauna da maganar, sai muka ga tambayar yaron nan ta fi ƙarfin shirin da muka yi. Shi guguwar da ya sani ita ce ta fako, wadda kan murɗe kara da ganye, ta yaye jinka ɗaya ko biyu, ta wuce. Wannan kuwa lalle a kan kauce mata. Saboda haka muka koma ga littattafai, ga kuma abin da muka samo, ko ya yi wa wani amfani ran da darasin ya faɗo a kansa.

Da fari sai mu raba ta da tamu. Guguwar teku ba ta tashi a tudu. A bisa ruwa a ke haifarta, ruwan kuma sai mai ɗumi, wanda zafinsa ya kai kamar digiri 27 a ma'aunin Santigired. Rana ta dafa teku, tururi ya tashi, can sama ya huce ya zama girgije. Sa'ad da tururi ke komawa ruwa ya kan saki zafin da ya ɗauko, zafin nan ya ƙara ɗaga iska sama, iskar kewaye kuma ta rugo don ta cike gurbin da aka bari. Da ya ke duniya juyawa ta ke yi, iskar ba ta shiga a miƙe, sai ta karkace ta dinga kewaya tsakiyar. Arewa da Ikwaita ta kan juya saɓanin hannun agogo, kudu kuwa ta bi shi. Faɗinta ya kan yi ɗaruruwan mil, gudun iskarta kuma a manya ya kan wuce mil 100 a sa'a. A tsakiyarta akwai wani fili mai faɗin mil 20 zuwa 40 da a ke kira ido, inda iska ke kwance, wani lokaci har a ga taurari. Wanda ya taɓa dama fura da sauri a ƙwarya ya ga ramin da ke buɗewa a tsakiya, to, ya ga misalinsa. Idon nan ya sha yaudarar mutane: su ji tsit su fito duba ɓarna, sai iska ta komo musu daga ɗaya gefen da ƙarfinta na fari.

A tekun Atalantika sunanta harikan, a wajen Sin da Japan taifun, a tekun Indiya kuwa saikulon. Wannan suna na ƙarshe wani Bature ne mai suna Henri Pidinton, tsohon shugaban jirgin ruwa da ya zauna a Kalkata, ya ƙago shi a wajen 1848. Mu ma ba a rasa hannunmu a ciki ba, don da yawa daga manyan harikan da ke faɗa wa Amurka, asalinsu hadarin damina ne da ya ratsa ƙasashenmu ya nufi yamma, ya fita teku ta wajen Sanagal.

Ba inda guguwar nan ta ci rayuka kamar gaɓar Bangala, watau kudancin ƙasar Bangaladesh ta yau. In an dubi taswira za a ga dalili. Tekun Bangala ya buɗe daga kudu, yana tafiya arewa yana tsukewa kamar mazurari, a bakin mazurarin kuwa nan manyan koguna uku, Ganjis da Barahmaputara da Megna, su ke zubowa. Ƙasar duk laka ce da kogunan suka tara, shimfiɗe kamar tabarma, wurare da yawa ba su fi ƙafa 10 bisa ruwan teku ba. Tekun kuma kusa da gaɓa ba shi da zurfi. To, in iska mai gudun mil 100 ta yi sa'o'i tana tura ruwa cikin wannan matsi, ruwan ba shi da inda zai nutse, sai ya yi toroƙo ya hau tudu. Ana iya nuna wa yara wannan da faranti: a zuba ruwa kaɗan, a ɗan jirkita shi, a yi fifita da faifai daga gefe mai zurfi, za su ga ruwa na hawa ɗaya gefen. In kuma abin ya gamu da cikowar teku, wadda ta fi girma a tsayuwar wata da tsakiyarsa, sai ruwa ya hau kan ruwa. Toroƙon nan shi ne mai kisa. Iska ta kan yaye rufi ta karya itace, amma mafi yawan waɗanda suka mutu a Bangala ruwa ne ya cinye su. Sau biyu a shekara a ke zaman ɗarɗar, Afrilu da Mayu kafin damina, sa'an nan Oktoba da Nuwamba bayanta.

Wadda muka ambata wa yara ta sauka daren 12 ga Nuwamba 1970, lokacin ƙasar tana Pakistan ta Gabas. Cikin watan azumi ne, wata ya kusa cika, teku a cike. Kaka ce kuma, 'yan ƙodago sun taru daga nesa don yankan shinkafa, suna kwana a gonaki. Gudun iskar kamar mil 115 ne, ba ta ma kai waɗansu da suka biyo bayanta ba, amma ruwan da ta turo ya kai ƙafa 30 a waɗansu wurare. Ya bi ta kan tsibirin Bola da ƙananan tsibiran laka da su ke kira car, inda matalautan da ba su da gona a tudu ke zaune. A gundumar Tazumuddin kusan rabin mutane suka halaka. Waɗanda suka tsira, da yawa itace suka rungume har gari ya waye, aka same su ƙirji da cinyoyi duk a saɓule. Riƙon itace cikin ruwa mai gudu kuwa aikin ƙarfi ne, shi ya sa fiye da rabin mamatan yara ne 'yan ƙasa da shekara 10. Mafi ƙarancin ƙidaya 300,000 ne, waɗansu sun ce 500,000. Fushin da mutane suka yi da jinkirin agaji yana cikin abin da ya hura wutar da ta kai ga yaƙi da rabuwar ƙasar a 1971.

Ga amsar yaronmu ta fari ke nan. Masana sun ga tahowarta, an kuma yi shela a rediyo. Amma mai rediyo a ƙauye kaɗan ne, wanda ya ji ma bai gane nauyin maganar ba, wanda ya gane kuwa ina zai nufa? Ba dutse, ba tudu, ba bene, ga kogi ta kowane gefe, ga dare.

A 1972 ƙungiyar agaji ta Jan Jinjirin Wata ta kafa wani shiri na tanadi don guguwa, a 1973 gwamnati ta shiga suka riƙe shi tare, har yau kuwa yana nan. Dabarar ba ta da wuya. Ofishin binciken yanayi a Daka yana bin guguwa da hotunan tauraron ɗan'adam tun tana tsakiyar teku, ya aika wa hedkwatar shirin, ita kuma ta aika ta rediyon oba-oba zuwa gundumomi, daga nan zuwa ƙauyuka. A kowane ƙauye ko biyu akwai ƙungiyar 'yan sa kai, ba baƙi ba, 'yan garin: manomi, masunci, mai kanti, malamin makaranta, ungozoma. Ba a biyansu albashi. An ba su lasifikar hannu, da jiniya mai wanawa da hannu, da tocila, da akwatin magani, da tutoci. Yau sun wuce 70,000, rabinsu mata. Su ne ke bin gida gida a ƙasa ko a keke, cikin ruwan sama, suna kiran mutum da sunansa. Lasifikar masallaci ma ta kan ɗauki shelar. Mu dai a ganinmu nan ne gishirin abin ya ke, don maganar da ta fito daga akwati a kan saurare ta a ci gaba da hira, amma in maƙwabcinka ne ya tsaya a ƙofarka jiƙe sharkaf ya ce ka fito, da wuya ka juya masa baya.

Tutocin kuwa suna da labari. Alamun gargaɗin ƙasar lambobi ne daga 1 zuwa 11, an gaje su daga zamanin mulkin Ingilishi, asalinsu kuma don tashoshin jiragen ruwa aka yi su, ba don manoma ba. Lamba 5 da 6 da 7 haɗari ne iri ɗaya, bambancinsu kawai ta wane gefen tashar guguwa za ta bi. Haka 8 da 9 da 10, duk babban haɗari ne. Lamba 11 kuwa ba ta nufin ta fi 10 tsanani, nufinta hanyar sadarwa da ofishin yanayi ta yanke. Shugaban jirgi ya san wannan. Mutumin ƙauye kuwa ya ji 8 sai ya ce da sauran biyu tukuna, alhali mai yiwuwa ne gefen da aka ce guguwar za ta bi, nan gidansa ya ke. Saboda haka 'yan sa kai suka rage lissafin: tuta ɗaya a yi hattara, tuta biyu a shirya, tuta uku a bar gida. Ga darasi gare mu masu koyarwa, ko da ba mu taɓa ganin teku ba.

To, amma shela kaɗai ba ta isa ba, an kuwa gane haka da tsada. Daren 29 ga Afrilu 1991 wata ta sauka kusa da Citagong da gudun kamar mil 150, ruwa ƙafa 20. A wannan karo gargaɗi ya kai ga mafi yawan mutane, duk da haka kimanin 138,000 suka mutu, miliyan 10 suka rasa muhalli. Da aka bi waɗanda suka tsira ana tambayarsu abin da ya hana su tashi, amsoshinsu ba na wauta ba ne. Wani ya ce ya sha jin lamba 10 ba abin da ya faru. Wani ya ce in ya bar gida ɓarayi su kwashe shi. Wani saniyarsa ce, ita ce duk abin da ya mallaka, ba kuwa a shiga mafaka da dabba. Wani mafakar ta yi masa nisa, hanya ta riga ta zama taɓo, ko ya je ya tarar ba masaka tsinke, don a lokacin 'yan ɗaruruwa ne kawai a gaɓar duka. Waɗansu kuma suka ce abin da Allah ya rubuta ba makawa, maganar da gaskiya ce, sai dai ba mu taɓa jin malamin da ya ce ta hana neman tsari ba.

Mata sun mutu fiye da maza nesa ba kusa ba. Mace tana gida, mijinta na kasuwa ko kan ruwa, ba ta fita sai da izninsa, ta yi ta jira har ruwa ya iso. Ba a koya mata iyo ba, ba a koya mata hawan itace ba. Zanenta da a ke kira sari yadi biyar ne ko shida, in ya jiƙe sai ya naɗe ƙafafu, gashinta mai tsawo ya sarƙe a reshe, ga goyo, ga wani a hannu. Ko ta isa mafaka, ɗaki ɗaya ne cunkushe da maza baƙi, ba makewayi. Wanda ya san zaman gidajenmu ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan.

Abin da ya burge mu shi ne, ba a tsaya zagin mutane da taurin kai ba, aka ɗauki dalilansu ɗaya ɗaya ana neman maganinsu. Aka shiga gina mafaka dubbai, na kankare, bisa dogayen ginshiƙai, yadda ruwa zai wuce ta ƙarƙashi mutane na bene. An lura waɗanda aka gina da fari, da ba a yin kome da su sai ran guguwa, sun lalace, ƙofofi sun ɓalle, ba mai kula. Sai aka mai da sababbin makarantu. Yau yaro a gaɓar Bangala a cikin mafakarsa ya ke koyon karatu, ya san hanyarta ko da dare, uwarsa ta san ta, makulli kuma galibi yana hannun shugaban makaranta ko kwamitin gari. A sababbin gini an ware wa mata ɗaki da makewayi, an sa tankin tara ruwan sama, waɗansu har da gangara ta hawa da dabbobi da marasa lafiya. Dabbobi kuma tun shekarun 1970 a ke tara musu tudun ƙasa da su ke kira killa. Aka ƙara yawan mata cikin 'yan sa kai, don mace ta shiga inda namiji ba ya shiga, ta ce wa 'yar'uwarta ta tashi. A kan kuma yi gwaji a filin makaranta kafin lokacin guguwa, a busa jiniya, a ɗauki tsofaffi a makara, a yi wasan kwaikwayo, jama'a na kallo.

Shirin cikin gida shi ya fi ba mu sha'awa, don na talaka ne, ba ya cin kuɗi. Da an ga tuta biyu, maigida ya ɗaure rufin ɗakinsa da igiya ya kafe ta a ƙasa ko jikin itace, ya sare rassan da ke bisa ɗaki. Uwargida ta haƙa rami a tsakar ɗaki ko tsakar gida, ta binne tukunya ko gwangwani da aka toshe bakinsa da leda. A ciki akwai shinkafar da aka turara aka daka ta yi fale-fale aka shanya, wadda a ke ci ba sai an dafa ba, da mazarƙwaila, da ashana, da kyandir, da irin shuka, a gefe kuma jarkar ruwan sha. Hikimar binnewar ita ce, ruwa ya kan tafi da duk abin da ke bisa ƙasa, abin da ke ƙarƙashi kuwa a komo a tone shi, a ci kwana biyu ko uku kafin agaji ya iso. Takardun gona da na shaida a naɗe su a leda a ɗaura a jiki. Famfon tuƙa-tuƙa a kwance kansa a ɗaure bakin bututun, kada ruwan gishiri ya shiga rijiyar. Dabbar da ba a sami kai ta tudu ba a kwance mata igiya, don saniya ta iya iyo, turke ne ke kashe ta. Mata su tufke gashi su ɗaure, su sa riga da wando maimakon sari. Masu ciki da tsofaffi da yara su a ke fara kaiwa, tun da sauran haske. Masunta kuwa tun a ƙananan lambobi a ke ce musu kada su yi nisa da gaɓa, ko da ya ke su ne har yanzu suka fi wuyar samu, don wanda ya ci bashin mai da ƙanƙara ya fita, ba ya son komowa da jirgi wofi.

An ga amfanin wannan duka ran 15 ga Nuwamba 2007, sa'ad da guguwar da aka sa wa suna Sidir ta sauka. Ƙasashen yankin ne ke ba da sunayen bi da bi, wannan Oman ta bayar, waɗanda suka yi karatun allo kuma sun san sidir magarya ce da Larabci. Iskarta ta wuce mil 130, ta fi ta 1970 ƙarfi. 'Yan sa kai fiye da 40,000 suka fita. Ƙidayar gwamnati ta mamata kimanin 3,400 ce. Kada dai mu ba shiri abin da ba nasa ba: Sidir ba ta gamu da cikowar teku ba, ta kuma fara faɗawa kan Sundarban, babban kurmin nan na itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, wanda ya rage mata ƙarfi. Amma bayan wata shida, a farkon Mayu 2008, wata mai suna Nargis, wadda ba ta kai Sidir ƙarfi ba, ta faɗa bakin kogin Irawadi a ƙasar Bama, ƙasa shimfiɗaɗɗiya irin ta Bangala, inda ba 'yan sa kai ba mafaka. Matattu da ɓatattu suka kai kimanin 138,000.

Cikin waɗanda Sidir ta ci akwai waɗanda suka ji shela suka ƙi tashi, dalilinsu kuwa abin lura ne. Wata biyu kafin nan, a Satumba, an yi girgizar ƙasa a wajen Sumatara, aka yi gargaɗin ambaliyar teku, mutane suka kwana a mafaka, ba abin da ya zo. Da aka sake kiransu a Nuwamba sai waɗansu suka ce an kuma. Wannan matsala ba mu ga yadda za a rabu da ita ɗungum ba. Mai gargaɗi in ya jira sai ya tabbata, lokaci ya ƙure. In ya yi sauri, wata rana ya tashi mutane a banza, ya ci daga amanar da zai bukata gobe. Abin da ya rage kaifinta shi ne hasashen masana ya ƙara daidaita ƙwarai, suna iya faɗin inda guguwa za ta sauka tun da sauran kwana biyu ko uku. A Mayu 2020, ana tsakiyar annobar korona, da Amfan ta taso an kwashe mutum miliyan 2 da dubu 400 da dabbobi kimanin 500,000, aka rarraba su a gine-gine fiye da 12,000 don kada a cunkushe. Waɗanda suka mutu a Bangaladesh ba su kai 50 ba.

Sai dai rai a ke kaiwa bene, gona ba ta hawa. Tun shekarun 1960 aka kewaye yankunan gaɓa da jinga, watau ganuwar ƙasa mai tare ruwan teku, an yi irin wannan kewaye 139. Jingar nan tana tsare shinkafa daga gishiri a kullum, amma in guguwa ta fasa ta, sai ta koma kamar akushi, ruwa ya shiga ya rasa mafita. Haka ya faru ran 25 ga Mayu 2009. Guguwar Aila ba ta cikin manya, waɗanda ta kashe a ƙasar ba su kai 200 ba, amma ta farfasa jinga a lardunan Kulna da Satkira. Teku ya dinga shiga gonaki yana fita sau biyu a yini, a waɗansu wurare har kusan shekara biyu kafin a toshe. Tafkunan sha suka zama ruwan gishiri, mata na tafiyar mil da mil neman na daɗi. Iyalai dubbai suka kafa bukkoki a bisa ragowar jingar, gidajensu na dā suna hange cikin ruwa, magidanta da yawa kuma suka bar iyali nan suka tafi Kulna da Daka jan keken haya da aikin bulo.